Hanyoyi biyar na rage ƙiba: wacce za ka iya riƙewa har shekara ta zagayo?

Fara rage ƙiba ba ya yi wa yawancin mutane wuya. Mutum yakan ɗaura niyya ne ranar da likita ya gaya masa jininsa ya hau ko sukarinsa ya fara motsi, ko kuma ranar da tela ya zagaya masa tef a ƙugu ya ce ɗinkin bana sai an ƙara yadi. Sati biyu ko uku na farko komai yana tafiya daidai. Daga nan sai biki ya taso a dangi, ko tafiya ta kama, ko yaro ya kwanta rashin lafiya, kafin a ankara an koma gidan jiya. Saboda haka wanda yake tsaye tsakanin shiga gidan motsa jiki, da yin azumi, da barin tuwo da shinkafa, da sayen shayin da ake tallatawa a WhatsApp, tambayar da ta fi dacewa ya yi wa kansa ita ce wacce daga cikinsu zai iya ci gaba da ita a wata na shida da na goma sha biyu, lokacin da zumuɗin farko ya wuce.

Ma'aunan da za a bi

Abubuwa huɗu za a duba a kowace hanya. Na farko kuɗi, kuma a nan ana nufin abin da za a riƙa kashewa kowane wata, tun da ƙiba ba ta tafiya da sayayyar rana ɗaya. Na biyu ɗorewa: shin mutum zai iya riƙe hanyar, kuma idan ya sassauta, nauyin da ya zubar zai dawo? Na uku sauƙi, wato yadda hanyar take shiga rayuwar gidan da ake dafa tukunya ɗaya domin mutum takwas ko goma. Na huɗu haɗari ga lafiya, musamman ga mai hawan jini, da mai ciwon sukari, da mai ciwon gwiwa, da mace mai ciki ko mai shayarwa.

Yana da kyau kuma a san inda aka dosa. Ana gane matsayin ƙiba ta hanyar raba nauyin mutum a kilo da tsawonsa a mita sau biyu. Mai kilo 90 da tsawon mita 1.70 zai samu kusan 31, alhali daga 25 ake cewa nauyi ya wuce ƙima, daga 30 kuma ƙiba ce sosai. Awon ƙugu ma yana faɗin gaskiya: haɗari yana ƙaruwa idan ya haura santimita 94 ga namiji ko 80 ga mace, kuma tef ɗin tela ya isa wannan aiki. Ba a buƙatar mutum ya koma jikinsa na samartaka kafin ya amfana. Zubar da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi, wato kilo huɗu da rabi zuwa tara ga mai kilo 90, yana sauko da hawan jini da sukari. Wani babban bincike da aka yi a Amurka, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2002, ya nuna cewa mutanen da suke dab da kamuwa da ciwon sukari, waɗanda aka ɗora wa burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu tare da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Saurin da likitoci suka yarda da shi shi ne rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako.

Akwai lissafi ɗaya da zai taimaka wajen fahimtar duk abin da zai biyo baya. Tafiyar rabin awa da sauri tana ƙona wa matsakaicin mutum kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki) kusan 150. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja yana ɗauke da kusan 120, kwalbar lemo mai rabin lita kuma tana iya kaiwa 200. Ke nan abin da aka ƙona da gumi a rabin awa ana iya mayar da shi cikin minti biyu. Wannan ne ya sa abinci ya fi motsa jiki tasiri wajen sauke nauyi, shi kuwa motsa jiki ya fi ƙarfi wajen hana nauyin dawowa.

Gyaran abincin gida tare da tafiya da ƙafa

Wannan ita ce hanyar da ba ta da mai talla, domin babu abin sayarwa a cikinta. Abincinmu na gargajiya bai rasa komai ba: dawa da gero da acha, wake, zogale, rama, kuka, kuɓewa, kabewa, nono. Inda matsalar take shi ne yawan malmala, da yawan man da ake zubawa, da sukarin da ake sha ba a lissafa shi a cikin abinci. A dubi farantin garau-garau da rana: shinkafa ta rinjayi wake nesa ba kusa ba, an kwarara mai da ludayi har yana taruwa a gefen faranti, an barbaɗa yaji mai ɗauke da dunƙule da gishiri, ga lemo mai sanyi a gefe. Farantin nan ɗin dai za a iya gyara shi ba tare da an canza tukunya ba. A sa wake ya kai rabi, a auna mai da cokali ɗaya, a yanka kabeji da tumatir da kokwamba su cika gefe guda, a sha ruwa. Haka tuwon dare: malmala ɗaya maimakon biyu, miya ta yi yawa, a ci da wuri bayan magariba. Ɗanwake, alala, dambun zogale da fate duk suna da kyau matuƙar an riƙe hannu wajen mai. Wanda ya saba cin abinci a tire ɗaya da 'yan uwa zai fi gane abin da ya ci idan ya ɗebi nasa a ƙaramin faranti tun farko.

Abin sha shi ne wurin da ake samun riba mafi sauri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kashi 10 cikin ɗari na abin da mutum yake ci a rana, kuma ya fi kyau ya tsaya a kusan giram 25, wato ƙananan cokula shida. Kofin shayi ɗaya a teburin mai shayi, da madarar gwangwani da sukarin da ake kamfata, yana iya cinye wannan kason tun da safe, kafin a zo ga zoɓo da kunun aya da fura da aka zuba wa sukari.

Ta ɓangaren tafiya, hukumar ta ce babba yana buƙatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, wato tafiyar da za ta sa numfashi ya ɗan ɗaga amma mutum yana iya magana. Rabin awa kwana biyar ya cika ƙaramin adadin. Lokacin da ya fi dacewa a ƙasarmu shi ne bayan sallar asuba, musamman daga Maris zuwa Mayu lokacin da zafin Kano da Sakkwato da Yamai yake haura digiri 40 da rana. Mutanen Kaduna da dama suna zuwa Dandalin Murtala, na Kano kuma filin sukuwa, amma layin unguwa ma ya wadatar. Da hunturu, mai asma ya sa takunkumi ko ya jira ƙura ta lafa. Matar da fita take yi mata wuya tana iya zagaya tsakar gida, ko ta raba lokacin gida uku, minti goma-goma, domin jimillar ce ake lissafawa.

Kuɗin wannan hanya bai wuce na takalmi mai laushin ƙasa da ɗan ƙarin ganye da kayan marmari ba, kuma kuɗin lemo da soye-soyen da aka bari yakan biya wannan. Haɗarinta kaɗan ne ƙwarai. Aibinta guda shi ne jinkiri: a watan farko kilo biyu kawai mutum zai iya gani, wani lokaci ma ƙasa da haka, kuma a nan ne da yawa suke karaya. A ganina ita ce ginshiƙi, sauran hanyoyin duka ƙari ne a kanta.

Gidan motsa jiki

Abin da gidan motsa jiki, wato jim, yake bayarwa wanda tafiya ba ta bayarwa shi ne ƙarfafa tsoka. Duk mai rage nauyi yana zubar da kitse tare da ɗan nama, kuma ɗaga ƙarfe yana rage asarar naman. Shi ya sa aka so babba ya yi atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Akwai kuma amfanin jama'a da mai horarwa, domin mutum yakan ji nauyin fashi idan ya san za a tambaye shi.

Kuɗinsa na wata-wata ne, kuma dole a haɗa da na mai ko na adaidaita sahu zuwa da dawowa. Ɗorewarsa ta rataya ne a kan nisa fiye da komai. Wanda jim yake kan hanyarsa ta zuwa aiki ko kasuwa yana iya shekara yana zuwa, wanda kuwa sai ya ratsa cunkoson gari bayan la'asar da wuya ya wuce wata biyu. Ga mata, sai an bincika ko akwai wuri ko lokaci da aka keɓe musu. Haɗarin da aka fi gani shi ne rauni a baya ko kafaɗa ko gwiwa saboda gaggawar ɗaukar nauyin da jiki bai shirya masa ba, kuma wanda ya haura shekara arba'in, ko yake da hawan jini, ko yakan ji ciwon ƙirji idan ya hau bene, ya ga likita tukuna. Tarko mafi girma yana bakin ƙofa: atisaye mai tsanani yana buɗe ciki, sai mutum ya fito ya zauna wurin mai shayi ya ci taliyar Indomie biyu da ƙwai uku da burodi, yana ganin ya cancanta. Mai yin haka zai ƙara ƙarfi, amma teɓarsa tana nan.

Wanda ba shi da halin biya yana iya samun rabin amfanin a ɗaki. Zama da tashi daga kujera ba tare da dafawa ba, dafa bango ko ƙasa ana tura jiki, da ɗaga jarkar ruwa mai lita biyar wadda nauyinta kilo biyar ne, sun isa mafari. Tsallen igiya yana ƙona kalori da sauri, sai dai mai nauyi sosai ya bar shi har gwiwa ta samu sauƙi.

Azumi da taƙaita lokacin cin abinci

Wannan hanya ta zo wa Bahaushe da sauƙi, domin jikinsa ya san azumi tun yana yaro. Wasu suna riƙe azumin Litinin da Alhamis, wanda ibada ne da niyyarsa ta daban, sauƙin jiki kuma ya biyo baya. Wasu kuma suna bin tsarin da ya yaɗu a intanet, na cin abinci cikin awa takwas kawai a yini, misali daga goma na safe zuwa shida na yamma, sauran awa goma sha shida sai ruwa da shayi marar sukari.

Ba ta cin ko sisi, kuma ƙa'idarta ɗaya ce, agogo, don haka wanda awon abinci yake gundura yakan fi jin daɗinta. Amma babu wani sirri a cikinta bayan rage yawan abin da ke shiga ciki. Wani gwaji na shekara guda da aka yi a ƙasar Sin, aka wallafa a 2022, ya gano cewa waɗanda suka taƙaita lokacin cin abinci ba su fi waɗanda suka rage yawan abinci kawai zubar da nauyi ba. Mu ma muna da shaidarmu a watan Ramadan: ɗan nauyin da ake zubarwa yakan dawo cikin 'yan makonni bayan sallah, wasu ma ƙaruwa suke yi, saboda buɗa-bakin da aka jera kunu mai sukari da ƙosai da soyayyen dankali da doya da lemo kafin a zo ga abincin dare. Duk wanda ya zaɓi wannan hanya, nasararsa tana kan farantin farko da zai ci bayan yunwa.

Ba ta dace da mai ciki da mai shayarwa ba. Mai ciwon sukari da yake yin allurar insulin ko yake shan ƙwayoyin sauke sukari yana iya faɗuwa idan sukarin ya yi ƙasa da yawa, don haka kada ya fara sai likitansa ya daidaita masa magani. Mai gyambon ciki ma ya nemi shawara.

Yanke sitaci gaba ɗaya

Masu wannan tsari, wanda ake kira keto, suna barin tuwo, shinkafa, burodi, taliya, doya, dankali da yawancin 'ya'yan itace, su koma nama, kifi, ƙwai, ganye da mai. Sikeli yana sauka da sauri a makon farko, kilo biyu ko uku, abin da yake sa mutum ya ɗauka ya samu maganin matsalarsa. Yawancin wannan ruwa ne, domin jiki yana ajiye sitaci tare da ruwa, kuma ranar da aka koma cin shinkafa zai dawo. A gwajin da jami'ar Stanford ta yi da mutum sama da 600 na tsawon shekara, wanda aka fitar a 2018, masu rage sitaci da masu rage maiƙo sun zubar da kusan abu ɗaya, kilo biyar zuwa shida.

A gidan Bahaushe wannan ita ce hanya mafi tsada cikin hanyoyin abinci, tun da hatsi shi ne mai arha, nama da ƙwai su ne masu tsada, kuma tana tilasta ɗora tukunya ta biyu kullum. Tana raba mutum da abincin iyalinsa da na biki da na maƙwabta, shi ya sa ɗorewarta take da rauni. Takan zo da ciwon kai da kasala a farko, da taurin bayan gida. Mai ciwon ƙoda kada ya kusance ta ba da izinin likita ba. Abin da ya cancanci a ɗauka daga gare ta shi ne rage farar shinkafa da burodi da sukari, wanda dama yana cikin hanya ta farko.

Shayi, ƙwayoyi da allurai

Nan sai an raba abu biyu da ba su da alaƙa. Shayin rage teɓa da garin da ake sayarwa a kasuwa da shafukan sada zumunta galibi suna aiki ne ta hanyar sa gudawa ko yawan fitsari. Da yawansu suna ɗauke da ganyen filasko ko danginsa, wanda kakanninmu suka sani a matsayin maganin wankin ciki. Ruwa ake zubarwa, kitse yana nan, kuma yawan amfani da shi yana ƙarar da gishirin jiki, ya raunana hanji. Mafi muni, an sha kama irin waɗannan kayayyaki a ƙasashe daban-daban da sinadarin sibutramine a ɓoye, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, a jikin kwali tana da muhimmanci, amma a karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa, domin a kan magungunan gargajiya akan rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar da aka yi ba. Ban ga dalilin da zai sa mutum ya kashe kuɗinsa a nan ba.

Allurar semaglutide, wadda aka sani da sunayen Ozempic da Wegovy, magani ne na gaskiya. A gwajin da aka wallafa a 2021, masu yin ta sau ɗaya a mako sun zubar da kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu a makonni 68. Amma da aka bi waɗanda suka daina, sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka zubar a shekara guda. Tana da tsada ƙwarai kuma kowane wata ake saye, tana buƙatar firji a ƙasar da wuta ba ta tsayawa, tana sa tashin zuciya da amai, ba a yi wa mai ciki, kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan jabunta da ke yawo. Hukuncinta na likita ne.

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi a gida | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Gyaran abinci da tafiya | Kaɗan | Mai ƙarfi | Tukunya ɗaya ta isa | Kaɗan ƙwarai |
| Gidan motsa jiki | Na wata-wata da na mota | Ya danganta da nisa | Yana cin lokaci | Rauni idan an yi gaggawa |
| Azumi ko taƙaita lokaci | Babu | Matsakaiciya | Mai sauƙi | Babba ga mai ciwon sukari da mai ciki |
| Yanke sitaci | Mai yawa | Mai rauni | Sai tukunya biyu | Matsakaici, babba ga mai ciwon ƙoda |
| Shayin rage teɓa | Matsakaici | Babu | Mai sauƙi | Babba |
| Allurar likita | Mai yawa ƙwarai | Muddin ana yi | Sai da firji | Sai da kulawar likita |

Abin da ke riƙe mutum a kan hanya

Kowace aka zaɓa, akwai wuraren da ake zamewa. A Amurka akwai rajistar da aka buɗe a 1994 ta mutanen da suka zubar da aƙalla kilo 13 suka kuma riƙe fiye da shekara. Hanyoyin da suka bi sun bambanta, amma yawancinsu suna motsa jiki kusan awa guda a rana, mafi yawa da tafiya, kuma suna hawa sikeli aƙalla sau ɗaya a mako. A zaɓi rana ɗaya, da safe kafin karin kumallo, a rubuta a littafi tare da awon ƙugu sau ɗaya a wata. Bayan wata uku zuwa shida nauyi yakan tsaya cak, domin ƙaramin jiki ba ya ƙona abin da babba yake ƙonawa, kuma maganin wannan shi ne ƙara minti goma a tafiya da sake duba mai da sukarin da suka lallaɓo suka dawo.

Sai kuma bakin mutane. A wurinmu har yanzu ana ɗaukar ƙiba alamar hutu da samun wuri, don haka da zarar wuya ya fara fitowa za a fara tambaya: lafiya kuwa, ko wani abu ne yake damunka? Uwa ko gwaggo za ta ƙaro tuwo, ta ce ba ta son ganin wannan rama. Amsar da ta fi kashe magana cikin ladabi ita ce likita ne ya ce a rage saboda hawan jini ko sukari, in dai haka ne. Ranar biki kuma a ci waina da alkaki daidai misali, washegari a fita tafiya kamar yadda aka saba, kada a jira Litinin.

Wa ya dace da wacce

Magidanci ko uwargida mai matsakaicin hali, wanda yake son sauke kilo biyar zuwa goma ya kuma kare kansa daga sukari da hawan jini, ya riƙe gyaran abinci da tafiya, ya ƙara atisayen ɗaki kwana biyu a mako. Matashi ko ma'aikacin ofis da yake da jim kusa da shi, kuma ya san ba ya iya abu shi kaɗai, ya yi rajistar wata ɗaya tukuna, ya ga ko ya je sau goma sha biyu kafin ya biya na wata uku. Ɗan kasuwar da yake wuni a shago yana ciye-ciye daga safe zuwa dare zai fi amfana da taƙaita lokacin cin abinci, muddin ba ya shan maganin sukari. Mai jego ta bari jiki ya warware, ta fara da rage sukari a kunu da shayi da tafiya a hankali, ba tare da yunwa ba tun da tana shayarwa. Mai ciwon gwiwa ya dogara da abinci da keke ko gajerun tafiye-tafiye a ƙasa mai laushi. Wanda lissafin nauyinsa da tsawonsa ya kai 35 ko 40, ko yake da ƙiba tare da ciwon sukari ko ciwon zuciya, ko ya yi wata shida yana ƙoƙari da gaske bai ga canji ba, ya je asibiti a auna sukarinsa da jininsa da ƙodarsa, a tattauna da shi ko magani zai shigo cikin tsarinsa.